Muryar da ke Cikin Jar Jaka

Jiya ɗayanku ya tsaya a ƙofar shagon nan, waya a hannu, yana gaya min aikin da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina yi, shi a minti goma ya koye shi. Wai ka sauko da tsarin, ka zuba a kile, ɗan ma'ajin nan mai kamar yatsa, ka soka a jikin ordinatar, wato kwamfuta, shi ke nan. Ban yi masa musu ba. Na miƙa masa kile, na nuna masa wata tsohuwar na'ura da ke ƙarƙashin tebur, na ce to bismilla. Har aka kira la'asar yana ta danne-danne, allon bai nuna masa komai ba sai baƙi. Da zai tafi ya ce na'urar ce matacciya. Lafiyarta ƙalau. Bai san maɓallin da ake buɗe ta da shi ba ne, kuma girman kai ya hana shi tambaya.

Aikin farko da maigidana Mushe Habu ya ba ni, irin wannan ne. Malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransanci, ya ajiye alli ya buɗe ɗan shago a Zango, ba nisa da Kasuwar Dole. Ya taɓa zuwa Yamai ya dawo da wani faifan sidi, a cikinsa akwai Linuks, wato tsarin da ke tafiyar da ordinatar wanda ba a saye, ba a sata, kowa na da izinin ya kwafa ya ba maƙwabcinsa, in kuma yana da ilimi ya buɗe cikinsa ya gyara. Ranar da na fara zuwa wurinsa, a gabana ya kwance wata na'ura, ya zare faifan da ke cikinta ya jefa a aljihu, ya ce, "Ilu, tayar min da ita." Na ce Mushe, ai ka cire mata hanji. Ya ce shi ya sa ya ce in tayar da ita, da da hanjinta ai kowa ma ya iya. Kwana huɗu na yi a kanta. Bai taimake ni da ko kalma ɗaya ba, sai dai in ya wuce ya leƙa ya yi tsaki.

Ku fahimci abin da ya sa muka kama wannan hanya. Na'urorin da ke isowa Damagaram a lokacin duk kwance ne, sun gama yi wa wasu aiki a wata ƙasa kafin a lodo mana su. Abin da ke fara mutuwa a jikinsu shi ne faifan ciki. Zafin garin nan ya dafa shi, ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ba sallama ta ƙarasa shi. Sai mai na'ura ya zo yana salati, ya ce ta mutu. Mu kuwa sai mu ɗora tsarin gaba ɗaya a faifan waje, wanda ake jonawa da igiya, mu koya wa na'urar ta tashi daga can. Komai naka yana cikin faifan: takardunka, hotunanka, har yadda ka jera kayanka a allo. Ka zare shi ka tafi Mirya, ka jona a wata na'urar, ka tarar da ɗakinka yadda ka bar shi.

In na'urar ta yarda ke nan. A nan aikin yake, kuma nan ne wayarku ba ta gaya muku. Kowace na'ura na da maɓallin da ake dannawa a daidai numfashinta na farko, kafin ta gama buɗe ido, in ka makara da ƙiftawa ɗaya sai ka sake. Wata in ka shiga cikin saitinta ba ta ma san akwai abin da ake kira tashi daga waje ba, sai ka lallaɓa ta da sidi tukuna. Wata ta tashi lafiya amma ta zama kurma, ba sauti. Wata ta ga komai ban da na'urar buga takarda. Mushe Habu yana da wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, duk na'urar da ta ratsa hannunsa sai ya rubuta halinta a ciki da jan biro: wannan tana karɓa, wannan tana karɓa amma sai an canja mata katin sauti, wannan kar ka ɓata ranarka. Ba ya sayen ko da tsinke na ordinatar sai da kile a aljihu, ya gwada a gaban mai kaya. Ƴan kasuwa sun tsane shi saboda haka, shi kuwa ko a jikinsa.

Cikin duk na'urorin shagon akwai wata toka-toka, mai nauyi kamar turmi, muna ce mata Goggo. Ba ta tashi da wuri, sai ta yi gunji ta yi nishi, amma duk abin da ka jona mata tana gane shi, kuma kunnenta garau yake: katin sautinta da tsarinmu sun fahimci juna tun ranar farko. Faifan wajen da muke aiki da shi kuwa, Mushe Habu ya sa dukawan Birni suka ɗinka masa jaka ta jar fata, da ɗan maɗauri. Da Allah ya yi masa rasuwa, abin da na gada ke nan: shago, Goggo, baƙin kaye da jar jaka. Har yau in na buɗe kayen na ga jan rubutunsa, sai in ji kamar zai wuce ta bayana ya yi tsaki. Ina kewar tsakin nan ƙwarai.

Bai daɗe da rasuwa ba aka shiga shekarun fari. Wadda ta fi tsaya min a rai, ruwa biyu aka yi masu kyau, kowa ya zuba irinsa a ƙasa, sai sama ta ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi fari, ya kwanta. Tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. Mazan yankunan Dogo da Gafati da Dakusa suka fantsama, wasu kudu, wasu Agadas da abin da ke bayanta. Aikinmu ya mutu murus, don mai jin yunwa ba ya kawo gyaran ordinatar. Mushe Habu ya sha ja min kunne in riƙa ajiye kowane aiki a wuri biyu, kuma da faifai biyu ya bar ni. Na biyun na sayar wa wani mai ɗaukar foto a layinmu, na auno hatsi. Na ce in an yi damina na sayi wani.

Abin da ya riƙe shagon a shekarar nan kaset ne. Lokacin waya ba ta shiga hannun kowa a ƙauye ba, wanda ya tafi sai ya sami rediyo ya yi magana a kaset, ya ba direba ya kawo gida. Kaset kuwa ba ya son zafi, ba ya son a yi ta maimaita shi. In ya fara lalacewa sai a kawo min, in jona rediyo da Goggo, in kwashe muryar in zuba a faifan jar jaka.

Wata Alhamis, ranar babbar kasuwa, wata tsohuwa ta yi sallama da tabarmin kaba biyu a kai. Inna Kulu sunanta, daga wani ƙauye a ƙasar Gafati. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kaset, zaren duk ya fito waje ya cukurkuɗe, rediyo ta tauna shi.

"An ce kai ne mai ciro magana," in ji ta. "Yaron nan ne ya aiko daga Agadas. Tun da aka kawo ban sake jin ɗuriyarsa ba."

Ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa. A cikin kaset ɗin na ji shi, Sanusi.

Na kwance ƙusoshi biyar na kaset ɗin, na shimfiɗa zaren a kan takarda, na bi shi da bayan cokali ina miƙar da inda ya tattare. Wuri biyu ya tsinke, na haɗa da siririn salatif. Na naɗe da biro a hankali. Na san sau ɗaya zai yarda ya juya, don haka sai da na tabbata Goggo na sauraro kafin na danna. Ya juya. Minti huɗu da ƴan kai. Yana kaiwa ƙarshe zaren ya sake tsinkewa ya manne a jikin ƙarfen rediyo, daga ranar bai ƙara yin magana ba. Amma muryar ta riga ta shiga jar jaka.

Ba wata doguwar magana ba ce. Ya yi sallama, ya ce, "Inna, ni ne Sanusi, ina Agadas lafiya lau." Ya yi ɗan tari. Ya ce gobe za su hau mota. Ya ce irin geron da ke cikin tulu a bayan gado kar a ci, ko yunwa ta kai ina, zai dawo kafin shuka. Ya ce a gaida matarsa Hajara, a ce ta daina kuka a gaban yara. Ya lissafo mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, har da wanda suke faɗa da shi a kan iyakar gona. Sannan ya yi dariya ya ce mai rediyo na harararsa, batir zai ƙare.

Inna Kulu ba ta da abin da za ta saurari sidi da shi, ko na ba ta. Sai ya zama duk Alhamis, in ta sayar da tabarminta ko ba ta sayar ba, sai ta biyo. In tayar da Goggo, in ɗora mata manyan abin kunne a kan ɗankwalinta. In ya yi sallama ta amsa da ƙarfi, "Wa alaikumus salam." In ya yi tarin nan ta ce, "Sannu." In ya zo kan tulu ta ce, "Yana nan, ba a taɓa ba." Ta gama, ta cire, ta sa min albarka, ta kama hanya. Wata biyar muna haka. Na san muryar nan wuri ɗaya take a duniya, kullum ina cewa gobe zan kwafa a sidi, kullum wani abu ya sha gabana.

Ran wata Asabar yayan matata, Yaya Lawali, ya shigo da sauri. Sakatare ne a wani buro da ke aikin rabon abinci a ƙauyuka, mutumin kirki, shi ya tsaya min lokacin aurena.

"Ilu, ara min faifan nan naka. Hotuna da takardun rabo za mu kwashe daga tsohuwar ordinatar zuwa sabuwa, kile ɗinmu ya yi kaɗan."

"Yaya, wannan ba zai buɗe a wurinku ba. Tsarinsa daban ne."

"Haba dai. Sabuwa ce fil, daga kwali. Me zai gagare ta?"

Hannunsa na kan jar jaka yana maganar. Ku gaya min, wa zai ƙwace abu daga hannun yayan matarsa? Kunya ta sa na bar masa. Na ce a raina, zai jona, ya ga bai buɗe ba, ya maido min. Abin da na manta, kuma na san shi sarai, shi ne wancan tsarin na kuɗi da ke burorin gari ba ya cewa bai gane ba. Duk abin da bai iya karantawa ba, cewa yake babu komai a ciki, sannan ya yi maka tambaya cikin ladabi.

Ran Litinin ya dawo yana fara'a.

"Ashe faifanka lalatacce ne ka yi shiru. Muna jonawa ordinatar ta ce ba a tsara shi ba, ta tambaya ko a formate shi. Na ce wi, a yi. Ga shi nan garau, mun gama aikinmu da shi, har na share maka namu."

Na karɓa da hannu biyu, na ce, "Na gode, Yaya." Abin da na ce ke nan, wallahi. Har ya rasu bai san abin da ya yi ba, don ba laifinsa ba ne.

Yanzu ku buɗe kunne, ga abin da ba a koyo a minti goma. In an formate faifai, ba a kwashe abin da ke ciki ba. Kamar a bi gonaki ne a tuge gambar da ke nuna iyaka: amfanin yana nan, sai dai ba wanda ya san na wane ne, daga ina ya fara, ina ya ƙare. Abin da ke kashe shi shi ne a zuba sabon abu a kai, kuma su Yaya sun zuba. Don haka dokar farko, kar ka ƙara rubuta ko ɗigo a faifan. Na tayar da Goggo daga sidi. Na je wurin mai foto na roƙi aron faifan da na sayar masa, don abin da aka tsamo sai an sami inda za a zuba shi. Akwai wata manhaja a tsarinmu da ke bin faifai taki-taki daga farko har ƙarshe, duk inda ta ji alamar hoto ko murya ta ɗauko. Ita ma kyauta ce, wani bawan Allah da ban sani ba ya rubuta ya bar wa duniya.

Mai foto ya ce in zo in yi a tasa na'urar, ta fi Goggo sauri nesa ba kusa ba, a yini ɗaya za a gama. Raina ya biya, don Alhamis na matsowa. Na buɗe baƙin kaye na nemo irinta. Ga jan rubutun Mushe Habu: tana tashi, amma in ta yi zafi tana sakin faifan waje ba sanarwa. Na rufe kayen na ce wa mai foto na gode. Na aro batirin mota a wurin wani makanike na haɗa da ondilar, akwatin riƙe wuta, saboda ɗaukewar kuran. Na sayi jarka ɗaya a wurin mai ga-ruwa, a shekarar da ruwan sha ma sai an yi layi, na riƙa jiƙa buhu ina ratayewa a taga don iskar da ke shigowa ta yi sanyi. Matata ta ce ruwan da ba mu samu mun yi wanka da shi ba nake yi wa ƙarfe fifita. Na sake jiƙa buhun.

Goggo ta yi ta nishi har ran Laraba da azahar. Abin da ta tsamo ba suna ko ɗaya, lambobi ne kawai jere, ɗaruruwa. Ba wata dabara sai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya ka saurara. Na sa abin kunne. Duk mazan da suka bar ƙasar nan a shekarar suka yi ta wucewa ta kunnena. Wannan na cewa a sayar da akuya, wancan na cewa kar a sayar. Wani na tambaya ko an yi ruwa. Wani ya yi sallama kawai, maganar ta yanke. Ban taɓa jin nauyin shekarar nan ba kamar a wannan zaman, har sai da na cire abin kunnen na fita waje na tsaya.

Ran Alhamis da hantsi na same shi. "Inna, ni ne Sanusi." Na miƙe tsaye ban sani ba. Tsawonsa na nan, minti huɗu da ƴan kai. Ya yi sallama, ya ce yana Agadas lafiya lau, ya yi tarin nan. Daga nan sai shuuu. A daidai wurin takardun su Yaya suka sauka. Na ja gaba, na dawo baya, na gwada duk abin da na sani da wanda ban sani ba. Babu tulu, babu Hajara, babu dariyar ƙarshe. Ƙara ce kawai har ƙarshe, irin ta ruwan sama a kan rufin kwano.

Bayan azahar ta yi sallama. Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa.

"Inna, na yi miki ɓarna. Amanar da kika ba ni ban riƙe ta da kyau ba. Maganar ta goge, kaɗan na samo."

Ta dube ni. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

"Sa min abin da ya rage," in ji ta.

Na ɗora mata abin kunne. Ta amsa sallama. Ya yi tari, ta ce sannu. Ƙarar ta fara, na kai hannu zan tsayar, ta riƙe min wuyan hannu.

"Bar shi, ɗana. Kamar ruwa ake yi a inda yake."

Sai ta rufe ido ta ɗora daga inda ya tsaya. "Gobe in Allah ya yarda za mu hau mota. Inna, irin geron nan da ke cikin tulu a bayan gado, kar a ci shi, ko yunwa ta kai ina." Ta ɗan dakata, ta amsa da tata muryar, "Yana nan, ba a taɓa ba." Ta ci gaba. Ta gaida Hajara. Ta jero mutanen gari yadda ya jero su, ba ta tsallake ko mai faɗan iyaka ba. Inda yake jan numfashi ta ja. Ta yi dariyarsa, ta ce mai rediyo na harararsa, batir zai ƙare. Tana rufe baki ƙarar ta tsaya, ba gaba ba baya.

Ta cire abin kunnen ta miƙo min. "Ka ga ai bai ɓace ba. Farkon ne ba na iya yi da kaina, shi kuwa ka samo min."

Ta ci gaba da zuwa duk Alhamis har damina biyu, kullum haka ake yi, shi ya fara ita ta ƙarasa. Sanusi dai ban ji ya dawo ba. Wata Alhamis ba ta zo ba, ta gaba ma haka, sai wata mai tabarmi daga garinsu ta gaya min an yi jana'izarta.

Tun daga ranar da faifan nan ya goge ban sake ajiye aikin kowa a wuri ɗaya ba, ban kuma sake jin kunyar hana aron faifai ba, ko wane ne. Muryar Sanusi yanzu wuri uku take: a jar jaka, a sidi, da wani faifai a gida. Ba mai zuwa nema. Wani lokaci ran Alhamis, in kasuwa ta lafa, nakan sa abin kunne in amsa masa sallama, in ce masa sannu da tari. In ƙarar ruwan ta fara, sai in zauna ina jira.

Damina biyu tana zama a kan tabarmar nan tana ƙarasa maganar ɗanta. Makirfo na rataye a ƙusa, taku ɗaya daga bakinta, Goggo na kunne. Ko sau ɗaya ban tuna na ɗauki muryarta ba.